Ciwon da Aka Rubuta da Sunana

Shekara goma sha ɗaya na yi ina fama da ciwon sukari a takarda, ni da sai in shekara ko mura ban yi ba. Mai ciwon na gaskiya mijina ne. Direban tankar mai ne a wani kamfanin dako, kuma a kamfanin nan doka a fili take: duk direban da gwajin shekara ya nuna yana da sukari, ko wani ciwo mai sa jiri a kan hanya, a ranar za a karɓe makullin mota daga hannunsa, a ba shi kujera a bakin ƙofa yana buɗe wa 'yan'uwansa get, a kan rabin albashi, babu kuɗin tafiya. Ban ce dokar ba ta da hankali ba. Mutum ne yake jan wuta a bayansa cikin jama'a. Amma wanda ya rubuta ta bai taɓa ciyar da 'ya'ya biyar da rabin albashi ba.

Saboda haka direbobi suka samo tasu hanyar, tun kafin mijina ya shiga aikin. Asibitin kamfanin ɗan ƙarami ne, ɗaki huɗu a bayan gareji, yana duba ma'aikaci da matarsa. Likitoci ba sa daɗewa a cikinsa, wannan ya yi shekara ya gudu, wancan ya zo. Wanda ba ya gusawa shi ne mai ɗakin gwajin jini, wani dogon mutum mai ƙaramar murya da kowa yake kira Mai Kwalba. Sai ku shiga ɗakinsa ku biyu, miji da mata, kamar ɗaya ya rako ɗaya. Ya ɗebi jinin kowa, ya liƙa sunan wannan a kwalbar wancan. Jinin miji ya tafi fayil ɗin mata, likita ya rubuta mata magani, ta kawo gida miji ya sha. Ranar gwajin shekara kuma jinin mata ne yake tsaya wa miji. A gareji ba a kiran abin da sunansa, sai dai ka ji an ce, "Wane ya kai uwargida asibiti."

Mu wajen ashirin ne masu wannan ciwon aro. Duk wata uku za ka gan mu jere a kan benci, ƙosassu, kumatu na sheƙi, muna koya wa sababbi karatu. Ki ce ƙishirwa. Ki ce yawan fitsari. Ki ce tafin ƙafa yana miki kamar ana tsira allura. Akwai wadda ta taɓa zaƙewa har ta gaya wa likita ƙafar birki ce ta fi damunta, muka yi wata guda muna mata dariya. Ni dai na ƙware. Da ana ba da lambar yabo a kan iya yamutsa fuska, da tuni tana rataye a falona.

Mijina kuwa Agogo suke ce masa a wurin aiki, don bai taɓa makara ba. Shekara talatin da huɗu, babu haɗari, babu rana ɗaya ta hutun rashin lafiya, fayil ɗinsa siriri kamar na wanda aka ɗauka jiya. Yana alfahari da fayil ɗin nan fiye da yadda yake yi da 'ya'yansa, kuma ina gaya masa haka a gaban idonsa. Sai ya yi dariya ya ce ai rabin fayil ɗin nawa ne.

Saura wata shida ya yi ritaya ya shigo da wata ambulan mai kauri daga ofishin fansho, a cuse cikin kayan wankinsa. Ni ce mai karatun takardu a gidan. Shi ya ce ƙananan rubutu rawa suke masa.

"Me ke ciki?" na tambaye shi.

"Wai sabon tsarin inshorar lafiya ne na masu barin aiki. Bara babu shi. A kanmu za a fara gwadawa, kamar sabuwar taya."

"Yaushe ake mayarwa?"

"Sai watan ƙarshe. Ajiye kawai, Uwargida."

Na leƙa na ga shafi goma sha huɗu, rubutu cunkus, ga tukunya a kan wuta. Na ɗora ambulan a saman kwaba, na danne da akwatin zannuwan gado. Can ta zauna tare da wata takarda da ta riga ta, wadda wani likita ya ba ni shekara biyu kafin nan. Wancan likitan ya ce ƙodata ta fara gajiya, in je babban asibiti a duba. Ba mu je ba, don a babban asibiti da kansu suke ɗibar jini, babu Mai Kwalba. Muka rage gishiri, muka ce Allah zai kawo sauƙi.

Saura wata biyu aka kira shi gwajin ƙarshe, wanda ake yi wa duk mai barin aiki kafin a rufe fayil ɗinsa. Da safen ranar yana zaune a bakin gado yana kokawa da takalmin aiki, ya ɗago ya dube ni.

"Anya wannan karon ba zan bari su ɗebi nawa ba? Na gaji da abin nan, wallahi. Kwana biyu ba na jin daɗin jikina."

Abin da na ce masa ina tune da shi kalma-kalma, kuma zan tuna shi har in koma ga Allah. Na ce, "Bayan shekara talatin da huɗu? Ka ƙare a bakin ƙofa, yaran da ka koya wa tuƙi suna danna maka hon ka buɗe musu? Saura guda ɗaya tal. Tashi mu je mu gama da mutuncinmu."

Ya tashi. Haka duk direbobin da suka gabace shi suka yi, kowa da fayil mai tsabta yake fita, a kira sunansa a taro a tafa masa. Na naɗe hannun riga na miƙa wa Mai Kwalba dantsena, yana ɗiba yana cewa, "Na ƙarshe ke nan, Agogo, fes za ka fita." Likita ya haska masa ido, ya saurari ƙirji, ya duba takardar jini, ya ce da ma shi ke da irin wannan ƙoda. Muka dawo gida har da tsayawa sayen lemo.

Mako uku bayan nan takalmin ya ƙi shiga gaba ɗaya. Ƙafafunsa suka yi suntum, in ka danna da yatsa sai ramin ya zauna. Da safe amai, da rana susa, har ya tsaga bayansa da farce. Ya ce abinci ƙarfe-ƙarfe yake masa a baki. A tafiyarsa ta ƙarshe sau biyu yana gangarawa gefen titi ya kifa kai a sitiyari, kuma ba shi ya gaya mini ba, a bakin matar wani direba na ji. Ranar zuwana asibiti ta zagayo, muka tafi kamar kullum, ni mara lafiya, shi ɗan rakiya.

Likitan sabo ne, saurayi mai jajayen idanu, mutum sittin suna jiransa a waje. Ya karanta takardar jinin, ya ɗago ya dube ni, ya sake komawa kan takardar.

"Mama, da ƙafarki kika zo?"

"Da ƙafata."

"Kina amai? Ƙaiƙayi? Fitsari ya ragu?"

Na ce e, na ce e, na ce e. Karo na farko ke nan a shekara goma sha ɗaya da ban yi wani ƙoƙarin yamutsa fuska ba. Ya zagayo ya durƙusa ya danna idon sawuna, bai ga komai ba. Ya girgiza kai.

"Ikon Allah. Jikinki yana ɓoye ciwo, amma abin da jinin nan ya nuna ba na wasa ba ne. Ƙodar ta kusa tsayawa. Wanki za a fara miki da na'ura, sau biyu a mako. Yau zan tura sunanki babban asibiti su sa ki a layi. Allah ya taimake ki ciwon ya daɗe a fayil ɗinki, inshora ba za ta yi gardama ba."

"In ba a fara ba fa, likita?"

"Watanni ne, Mama. Ba zan ce miki shekara ba."

Da na fito na hango mijina a kan benci, sanye da silifa, yana ba wasu mata biyu labarin yadda akuya ta taɓa hawa tankarsa ta yi tafiyar yini guda ba ta biya ko sisi ba. Suna ta dariya. Na juya na faɗa ɗakin gwaji ba sallama.

Mai Kwalba ya riga ya sani, shi ya yi gwajin. Ya tura ƙofa, ya ƙara yin ƙasa da muryar da dama can ba ta da ƙarfi.

"Kada ki kuskura ki je can. Ƙwaya ana karɓa wa mutum, amma wanki sai mai jikin ya kwanta."

"To ka sake ɗibar nasa yanzu, ka liƙa sunansa. Yana waje."

"Mako uku da suka wuce na sa hannu cewa ƙodarsa ta ɗan shekara talatin ce. Ƙoda ba ta lalacewa haka a mako uku. Duk likitan da ya haɗa takardun biyu ya gane, in ya gane kuma sai an buɗe fayil ɗin kowa. Gida ashirin ne, ba ku kaɗai ba."

"Shi ke nan sai in zuba ido ya mutu?"

"Ni suna kawai nake liƙawa a kwalba," in ji shi, yana kallon ƙasa. Na so in kwashe shi da mari. Amma shekara goma sha ɗaya ina masa godiya, har turare na taɓa kai masa.

Muna isa gida na hau kujera na sauko da ambulan, na zauna a tsakar falo na karanta ta daga farko har ƙarshe, abin da bai ci mini ko sa'a guda ba. Tsari biyu ne. Ƙaramin tsari ganin likita ne da magani. Babban tsari shi ke ɗauke da kwanciya asibiti da tiyata da wankin ƙoda. Daga fansho ake cirewa kowane wata, kuma fansho irin na direba abu ɗaya zai iya ɗauka cikin biyu: ƙarami ga mutum biyu, ko babba ga mutum ɗaya. A shafi na shida aka ce duk ciwon da yake rubuce a fayil kafin a rufe shi, inshora za ta ci gaba da shi daga ranar farko. Wanda ba ya ciki kuwa, in babba ne irin na ƙoda, sai an jira shekara biyu. Na karanta wannan layi sau huɗu ina sa yatsa, ko zai canza.

Washegari na yi shiri na tafi ofishin fansho ni kaɗai. Akawun dattijo ne mai tabarau ɗaure da zare, teburinsa cike da fayiloli da kofin shayi da ya huce. Na ce masa tambaya ce wata ƙawata ta aiko ni. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in zauna. Na ba shi labarin ƙawar tawa ba tare da na ambaci ɗakin gwaji ba, ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba.

"Da mijin ƙawar taki ya faɗi gwajin ƙarshe," in ji shi, "da wata biyu kawai zai yi a bakin ƙofa. Fanshonsa cikakke, kuɗin sallamarsa cikakke, ciwonsa a fayil, inshora ta ɗauke shi ranar da ya ajiye aiki. Shi ya sa muka raba takardar tun da wata shida. Na faɗa a gareji, a karanta, a karanta. Suka ce mini dattijo ya cika surutu."

"In ta fito ta faɗi gaskiya yanzu fa?"

"Shafi na tara. A soke su duka biyun daga tsarin, a riƙe kuɗin sallama sai an gama bincike. Ni kuwa binciken ofis na san shi, ba ya sauri don wani yana kwance." Ya kurɓi shayinsa mai sanyi. "Akwai wani abu kuma. Ita ƙawar taki, da fayil ɗin da take da shi, in ta fita daga wannan tsarin babu kamfanin inshorar da zai karɓe ta har ƙarshen rayuwarta. A wurinsu mai ciwon ƙoda ce. Ki gaya mata ranar Juma'a ake rufe karɓar fom. Kuma ki gaya mata ban ji komai ba."

Na taka zuwa gida a ƙasa, ban hau mota ba, ina zagin kaina a hanya kamar sabuwar mahaukaciya. Na sami mijina a falo ya tsoma ƙafafu a robar ruwan ɗumi, rediyo a kan cinya. Na kashe rediyon, na zauna a gabansa, na zayyana masa komai: maganar likita, maganar Mai Kwalba, shafi na shida, shafi na tara. Ban rage masa ko ɗaya ba. Yana kallon ruwan ya tambaye ni.

"Watanni ya ce?"

"Watanni."

"Yaron nan da gaskiyarsa. Ni ma haka nake ji."

"Babban tsari za mu ɗauka da sunanka," na ce. "Shekara biyun kuma mu biya wankin da kanmu. Ga kuɗin sallama, ga 'yan kunnena, ga keken ɗinkina. Yara su kawo abin da suka samu."

"Kin tambayi kuɗin wanki ɗaya?"

Na riga na tambaya, kuma ya ga amsar a fuskata.

"Wata nawa kuɗin sallamar za su kai mu?"

"Biyar. Shida in an matsa."

"Saura wata goma sha takwas ke nan. Yaran nan kuma kowa da ƙyar yake riƙe gidansa, babban ma har yanzu ke kike masa cikon kuɗin haya a ɓoye, kina tsammani ban sani ba." Ya ɗan murmusa. "Uwargida, ni direba ne. Tun daga gareji nake gane motar da za ta kai da wadda za ta kwana a hanya. In kin zuba wa wannan mai, asara kika yi."

"Kai ba mota ba ne!"

"To na ji. Amma ki lissafa. In mun bi taki, bayan wata shida ni na tafi, ke kuma ba kuɗi, ba inshora, ba keken ɗinki, ga fayil da ya ce gobe za ki mutu. Ranar da naki ciwon na gaskiya ya zo, wa zai karɓe ki? Shekararki hamsin da bakwai. Kin ɗauka haka za ki dawwama da lafiya kamar ƙarfe?"

"Ba ruwanka da ciwona. Ni na hana ka ba da jininka. Ni na danne takardar da akwati. Ka bar ni in gyara abin da na ɓata."

"Ni na fara kai ki ɗakin Mai Kwalba tun kina cewa ba kya so. In laifi za a raba, babban kaso nawa ne."

Na yi masa ihu ranar, irin wanda ban taɓa yi ba tun aurenmu. Na ce masa matsoraci, na ce mai taurin kai, na ce gudu yake so ya yi ya bar ni da kunya. Na ce zan je in tona komai, gida ashirin ɗin su ƙone, ina ruwana. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in na tona ma gadon wankin ba zai zama nasa ba, sai dai in ƙara wa wasu mata goma sha tara irin kukana. Gaskiya ce, kuma na ƙi jininsa a wannan lokacin saboda gaskiya ce. Na ɗauko biro na cika fom ɗin da hannuna, babban tsari, sunansa da manyan baƙaƙe. Na ajiye masa a kan cinya na ce ya sa hannu. Ya sa, ba musu. Da na san halinsa kamar yadda nake taƙama, da wannan saurin yarda ya isa ya tsorata ni.

Ranar Juma'a ya ce shi zai kai da kansa, yana so ya yi sallama da mutanen ofis. Na raka shi har bakin titi na tsayar masa da mota. Na dawo na fara kiran waya: mai sayen gwal, wata mai son keken ɗinki, asibiti mai zaman kansa da aka ce ya fi sauƙi. Shi kuma kullum da uzurinsa. A bari kuɗin sallama su shigo. A bari a yi taron ritaya, kada a gan shi da bandejin bututun wanki a wuya.

Aka yi taron a cikin gareji, an jera kujerun roba tsakanin tankoki biyu da aka wanke. Su huɗu ne masu ritaya. Na tsaga masa bayan takalmi da reza don ya shiga, na sako wando ya rufe. Da aka kira Agogo gareji ya ɗauki tafi da fito. Manaja ya karanta rubutun allon yabo da ƙarfi, shekara talatin da huɗu ba tare da rana ɗaya ta rashin lafiya ba, ya ce matasa su yi koyi. Mijina yana tsaye ya dafa teburi da hannu ɗaya, yana murmushi, ni kaɗai na san dafawar ba ta yanga ba ce. Matan benci suna bayana suna tafi, amma babu wadda ta yarda muka haɗa ido. Labari ya riga ya zaga, kuma na ji an ce duk sun sauko da nasu ambulan.

Tare da allon aka miƙa masa wata 'yar farar ambulan. A mota ya ɗora mini ita a cinya ya juya yana kallon taga. Na buɗe. Kati ɗaya ne, shuɗi, babban tsari. Hotona ne a jiki, wanda aka ɗauka tun ina da sauran ƙuruciya, da sunana a ƙasa.

"Kuskure suka yi," na ce, ko da yake na sani.

"Ba su yi ba. Wani fom na karɓa a wurin dattijon, ya cika mini. Wanda kika cika yana aljihuna in kina so."

"A canza."

"An rufe. Sai bayan shekara, kuma sai da sa hannuna."

Direban tasi yana kallonmu ta madubi, shi ya sa ban yi kuka ba sai da muka shiga gida. Kwana uku ban yi masa magana ba. Ina dafa masa abinci, ina wanke robar amai, ina shafa masa mai a baya inda ya tsaga, duk bakina a rufe. Kuɗin sallama kuwa da suka shigo ya kulle su a banki da sunana, irin ajiyar da ba a taɓawa sai bayan shekaru. Duk wata ƙofa da na nufa sai in tarar ya riga ni ya sa mata kwaɗo. Na sayar da 'yan kunnen duk da haka, suka isa wanki uku. Ya ce in na kai shi sai dai a ɗaure, don wanki uku ba magani ba ne, ƙarin wahala ne. A rana ta huɗu na gaji da fushin, don na ga lokacin da nake ɓatawa ba ni da irinsa da yawa.

Kwana tara bayan taron, da hantsi, yana kishingiɗe a doguwar kujera na tara masa matasai uku saboda numfashi, ina yanke masa farce. Wayata ta yi ƙara a kan teburi kusa da kansa. Ya miƙa hannu ya danna, ya sa ta a lasifika yadda ya saba, tunda hannuwana ba su da sarari.

Muryar mace ce, mai ladabi, mai sauri. Ta tambaya ko ni ce, ta karanto lambar katina. Ta ce daga sashen wankin ƙoda na babban asibiti take kira.

"Mama, albishirinki. Inshora ta amince, kuma gado ya samu. Litinin da Alhamis, ƙarfe takwas na safe, gado na huɗu. Ki zo jibi a ɗebi jini a sa miki bututun wanki. Kin yi sa'a, wasu wata biyar suke jira."

Abin yankan farcen ya faɗi daga hannuna. Asibitin nan tafiyar minti ashirin ce daga gidanmu. Na buɗe baki, kuma wallahi abin da ya taso mini shi ne in ce mata ba ni ba ce, ga mai gadon nan a gabana. Ya kama wuyan hannuna da kumburarrun yatsunsa. Bai matse ba, ba shi da ƙarfin matsewa. Ya girgiza kai a hankali.

"Mama? Kina ji na?"

"Ina ji, 'yata."

"In tabbatar miki da gadon?"

Ya motsa leɓe ba sauti. Ki ce a ba wani.

"Ba zan samu zuwa ba," na ce. "A ba wani."

Na ji ƙarar takarda a wajenta, da wata na'ura tana ƙara can nesa.

"Mama, sakamakonki yana gabana. Ko likita bai yi miki bayani ba ne? Mai irin wannan jini in bai fara wanki ba, da wuya ya kai wata uku. Tsoron allurar kike? Ba mai kula da ke ne a gida? Ki ba ni maigidanki in yi masa magana, wataƙila shi ya shawo kanki."

"Yana ji," na ce.

"To Baba, don Allah ka sa baki. Kada ka bari ta yi wa kanta haka."

Ya ja numfashi sau biyu kafin murya ta fito.

"Na yi iyakar ƙoƙarina a kanta, 'yata," in ji shi. "Ki ba na bayanta."